Titin da Aka Lanƙwasa Don Aljani

Ɗana Shehroz ba ya nan. Takalminsa na makaranta yana bayan ƙofa, shi kuwa yana maƙabarta tun ranar da tifar yashi ta take shi a ƙofar gidanmu, a sabuwar unguwar da ke bayan birnin Multan.

Titinmu miƙaƙƙe ne kamar zare. Direba na hango ƙarshensa tun daga farkonsa, sai ya taka mai. Bayan rasuwar na bi gida-gida ina roƙon a yi mana tudun rage gudu. Chaudhry Mukhtar, shugaban unguwa, ya kira ni Baji, wato yaya, ya ce, "Haƙuri za ki yi. Motocinmu ƙasa-ƙasa ne, tudu zai kankare musu ciki."

Sai aka buɗe layin bayanmu. Can injiniya ya ƙuntata titin, ya lanƙwasa shi ya zagaye wata tsohuwar magarya, dole mota ta bi da rarrafe. Da la'asar nakan hau soro in ga 'ya'yan mutanen layin na wasa a tsakiyar hanya, iyayensu mata ko leƙowa ba sa yi. Ban taɓa yi musu mugun fata ba. Amma ƙirjina kan yi zafi har abinci ya gagare ni.

Wata magariba ina gasa gurasa, dutse ya faɗo tsakar gida. Na leƙa, ba kowa. Wani ya sake faɗowa, baƙi, da kwalta a jikinsa. Haka aka yi ta yi kullum in rana ta faɗi, har ɗaya ya tsallaka ya fasa gilashin motar Chaudhry. Daga nan 'yata Rubab ta daina magana. Sai ta tsaya a soro tana kallon layin baya, tana cizon haƙora.

Hafiz Inayat, limamin masallacinmu, ya zo bayan sallar magariba. Maƙwabta suka cika ƙofa. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Rubab ya buɗe da muryar tsoho.

"Wane ne kai?" in ji Hafiz.

"Maƙwabci. Na riga ku zuwa."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Uwarta na gani tana kallon abin da nake kallo, na ce a gidan nan za a gane ciwona."

Na sunkuyar da kai.

Muryar ta ci gaba, "Magarya biyu ne a gonar nan kafin ku zo, tawa da ta ƙanena. Tawa aka sare, aka zuba mata kwalta. Tasa aka kewaye da farin dutse, har da benci! Me ya fi ni? Ni ne babba!"

Ban san lokacin da na ce, "Kai ka kashe min ɗa?" ba.

"A'a, Baji. Da itacena na tsaye, da tifar nan ta rage gudu."

Hafiz ya ce, "Fita. Ba ma ciniki da kai."

"A dasa min magarya inda tawa take."

"Dasa itace sadaka ce, in mun yi don Allah muka yi. Fita tukuna."

Rubab ta yi atishawa, ta zube a jikina. Can ta ce, "Ammi, ruwa."

Kafin Juma'a, Chaudhry da kansa ya kawo leburori. Aka fasa kwalta a tsakiyar titinmu, aka dasa magarya, aka kewaye ta da dutse. Ba wanda ya ƙara maganar kankare cikin mota. Yanzu tifa ma sai ta lallaɓa, yara kuma sun fito wasa.

Rubab ta warke, jifa ya tsaya. Ni ce ban warke ba. Abin da na yi ta roƙo don ɗana aka hana ni, aljani ya nema sau ɗaya aka ba shi, yanzu shi nake kishi.

Ku taya ni roƙon Allah ya haskaka kabarin Shehroz, ya tsare yaran da ke wasa a ƙarƙashin magaryar nan, ya ba ni ikon kallonsu ba tare da ƙirjina ya yi zafi ba. Amin.