Gonar da Ke Ƙarƙashin Ruwa

"To ina gonar?"

Gwaggo ce ta jefo tambayar, tana toshe hanci da gefen mayafi. Auta ta duba inda saurayinta manomi yake nunawa da yatsa. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, sai bado da ciyawar kachalla da wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu.

"Ga ta nan, Gwaggo. Daga wancan icce har..."

"Daga wancan kwaɗo har wancan kwaɗo!"

Ɗan Gwaggo, mai kantin tayoyi a birni, ya fashe da dariya har da dukan cinya. Shekara biyu yana neman Auta tana yi masa kallon hadarin kaji. Shi ya matsa a zo a ga garin manomin, shi kuma ya zaɓi tsakiyar damina, don yana kawo kaya yankin, ya san yadda wurin yake.

Kunya ta lulluɓe Auta. Ita da ta cika gida da baki cewa masoyinta mai gona ne!

"Rabin raina, saurare ni," in ji manomin. "Haka fadama take. Ruwa zai janye, ya bar mana ƙasa mai..."

"Kar ka ƙara ce min rabin rai!" Ta dube shi sama da ƙasa. "Da digirina na aikin jinya zan zo in auri mai noman kifi? Ko ƙaryar ma ba ka iya ba!"

"Wata huɗu kawai nake roƙo."

"Ka roƙi kwaɗinka."

Ta ja tsaki, ta kakkaɓe taɓo daga takalminta, ta shige mota. Manomin ya kira ta sau bakwai a makon nan, ta toshe lambar. Kafin wata uku an sa ranarta da mai tayoyi, mutumin da hirarsa duk ta farashin roba ce.

Da rani asibitin da take aiki ya tura ta da abokan aikinta rigakafi garin manomin. Motarsu ta biyo ta bakin fadamar, sai Auta ta ce wa direba ya tsaya.

Babu ruwan. Ya koma can nesa. Inda ta yi tsaki, albasa ce da alkama kore shar, daga wancan icce har inda ido ya gaji. Injin ban-ruwa yana ta ƙugi, mata sun fi ashirin suna cika buhuna.

Ta raina ɗan Gwaggo a ranta, ta raina Gwaggo, amma ba wanda ta raina kamar kanta.

Tana hango manomin ta sauka, ta ratsa kunyoyin gonar da farin takalmi, taɓo har idon sawu.

"Masoyina..."

Ya ɗago, ya goge hannu a wando.

"Sannu da zuwa, Malama. In allura ce, yaran suna makaranta."

"Ba a ɗaura auren ba tukuna. Wallahi kalma ɗaya za ka faɗa in fasa!" Hawaye ya zubo mata. "Na gani... na ga gonar."

Ya kalle ta, babu fushi a fuskarsa, abin da ya fi ƙona ta ke nan.

"Ai yanzu kowa ma yana gani," ya ce.

Ya sunkuya ya ci gaba da gyara bakin tiyo.