Laraba da Tsohuwar Eriya

A garin Kiru akwai wata yarinya mai suna Laraba. Tana aji biyar a firamare. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma akwai ta da rawar kai. Da ta ga sabon abu, to tsohon ya shiga uku.

A shekarar da Babanta zai tafi aikin Hajji, ya sa aka kafa dish a tsakar gidansu. Wani ƙaton faifan ƙarfe ne mai kallon sama, yana kamo tashoshin ƙasashen waje. Ba don kansa ya kafa shi ba. Don mahaifiyarsa ne, Inna. Inna ta tsufa, ƙafafunta ba za su iya tafiyar Makka ba. Burinta ɗaya ne, ta ga tsayuwar Arfa, ko da a talabijin ne.

Kafin zuwan dish, da eriya suke kallo. Tana can saman wata doguwar gora da aka ɗaure a jikin katanga. Ranar da Baba zai tafi, ya nuna ta ya ce, "Kada kowa ya taɓa eriyar nan. Dish ba ya kamo tashar Kano."

Laraba ta yi dariya. "Baba, ga Makka, wa zai kalli Kano?"

"Na dai faɗa miki," in ji Baba.

Lokacin mangwaro ne. Na ƙasa duk an tsinke, nunannun suna can ƙololuwa. Wata rana Laraba ta dubi mangwaron, ta dubi gorar. Umma tana ɗaki, Inna tana barcin rana. Sai Laraba ta lallaɓa ta kwance igiyar.

Ashe gorar ta fi ƙarfinta. Ta kuɓuce mata, ta faɗi tim! Ƙarafunan eriyar suka lanƙwashe, biyu suka karye, waya ta tsinke. Laraba ta cire eriyar ta tura ta bayan rumbu. Ta kaɗo mangwaronta ta sha, ta jefar da gorar a bayan gida. Babu wanda ya lura, don kowa idonsa yana kan dish.

Ranar Arfa ta zo. Inna ta ɗauki azumi. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na ƙasan adaka. Matan maƙwabta suka cika falo. Umma ta kunna talabijin.

Babu komai. Gilashin ya yi shuɗi, ko motsi babu.

Aka aika aka kira Baffa Zailani, ƙanen Baba, wanda malamin firamare ne. Ya danna nan, ya danna can. Sauran tashoshi suna nan, amma mai nuna Hajji ta ɓace.

"Masu tashar sun ɗauke ta daga inda take," in ji Baffa. "Sai mai gyara ya zo daga Kano ya juya dish ɗin. Shi kuwa sai bayan Sallah. Amma kada ku damu. Na ji a rediyo tashar Kano ma tana nunawa kai tsaye. Mu koma kan eriya."

Ya fita tsakar gida, ya ɗaga kai. Katanga ce kawai da guntuwar igiya.

"Ikon Allah! Ina eriyar?"

Umma ta ce ba ta sani ba. Laraba ta sunkuyar da kai.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta jawo sandarta, ta fara ƙoƙarin tashi. "Ba komai," ta ce a hankali. "Allah bai nufa zan gani ba. Baɗi kuma, wa ya sani?"

Maganar nan ta fi bulala zafi. Laraba ta fashe da kuka.

"Ni ce! Ni na kayar da ita don in kaɗo mangwaro. Tana bayan rumbu."

Umma ta riƙe haɓa. "Laraba! Mako biyu kina kwana kina tashi da wannan a cikinki?"

"Yaya, a bar faɗan tukuna," in ji Baffa. "Rana tana rigan faɗuwa a can da awa biyu. Bayan la'asar ɗinmu alhazai za su bar Arfa. Ke, ɗauko ta da gudu."

Laraba ta kawo eriyar da gorar. Baffa ya miƙe ƙarafunan da filaya. Ya karɓi murfin tukunyar silba a wajen Umma, ya huda shi, ya ɗaure a madadin waɗanda suka karye. Ya haɗa wayar.

Laraba ta share hawaye. "Baffa, murfin tukunya ne zai kamo Makka?"

"Hotunan suna yawo a cikin iskar nan da kike shaƙa," in ji shi. "Tun daga can ake miƙo su, tasha ta ba tasha, har Kano. Ƙarfen nan tare su kawai yake yi."

Laraba ta dubi sararin sama. Ba ta ga komai ba sai wata shirwa tana shawagi. Abin ya ba ta mamaki ƙwarai.

Suka tayar da gorar. Babu lokacin ɗaure ta, dole wani ya riƙe. Baffa ya dubi Laraba. "Wadda ta kayar ita za ta riƙe. Ki fuskantar da ita arewa maso gabas, wajen Kano. Ki riƙa juyawa a hankali."

Ya shiga falo, yana ƙwala mata magana ta taga.

"Juya dama! Ƙara kaɗan! A'a, kin wuce. Dawo, dawo! Tsaya nan!"

Rana ta take, hannuwan Laraba suka fara ciwo. Gumi yana shiga mata ido, amma ba ta saki ba. Can sai ta ji wata irin murya daga falo, muryar mutane masu yawan gaske a haɗe: "Labbaikallahumma labbaik." Tsikar jikinta ta tashi. Matan suka ɗauki kabbara.

Ta fi awa ɗaya a tsaye. Tana ji, ba ta gani. Sannan ta ji muryar Inna: "Zailani, je ka karɓi yarinyar nan. Ita ma ta gani."

Laraba ta shiga, ta tsaya cak. Wani fili ne da ba ta ga ƙarshensa ba. Ya yi fari fat da mutane, kamar gonar auduga ta fashe. Har dutsen sun lulluɓe shi. Kowa ya ɗaga hannu sama. Hoton yana ɗan tsaki-tsaki, amma babu wanda ya damu.

Inna tana gab da talabijin, hannuwanta a sama, hawaye yana bin kumatunta.

"Duk ɗigon nan mutum ne?" ta tambaya.

"Mutum ne, Inna," in ji Umma. "Babansu Laraba ma yana ciki."

Laraba ta durƙusa a gabanta. "Inna, ki yafe mini. Saura kaɗan in hana ki gani."

Inna ta jawo ta jikinta, ta nuna gilashin. "Dubi yawansu, ƙawata. Duk gafara suka je nema, kuma yau ake ba su. Ni ce zan riƙe ki a zuciya a kan gora? Na yafe. Ɗaga hannunki mu roƙa tare."

Laraba ta ɗaga hannuwanta masu ciwo, suka yi ta addu'a har alhazai suka fara tashi.

Daga ranar Laraba ta koyi kada ta raina tsohon abu don sabo ya zo. Ta kuma koyi cewa idan ta yi kuskure, ta faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.