Kuɗin Takardar Sashen Kawu Ilu

Akwai wani mutum a Gumel da ya kusa kashe auren yara biyu da bakinsa, kuma har gobe in ya wuce matasa na durƙusa masa. Ba zan kama sunansa ba, albarkacin 'ya'yansa. Mu ce da shi Manzo, tunda aikin da aka sa shi ke nan.

A shekarar da aka canja fam zuwa naira, Ƙasimu direban lori, mai ɗauko kanwa daga Maigatari, ya nemi auren Rahmatu. Marainiya ce, a hannun ƙanin mahaifiyarta Kawu Ilu ta tashi. An ba shi, amma da sharaɗi guda: Kawu ya ce 'yarsa ba za ta tare a gidan haya ba.

Kawun kuwa yana da sashe a wani gida da wani Badamagare ya gina, ya raba sassa ya sayar wa mutane daban-daban, zaure ɗaya, rijiya ɗaya, kowa da ƙofarsa. Fari ya ci shanun Kawu, yana son sayar da sashen. Ƙasimu yana son saye. Ciniki ya faɗa, aka sallama, aka biya gaban shaidu. Saura takarda daga ofishin En'e, wadda za a cire sunan Kawu a sa na Ƙasimu, don a gidan tarayya irin wannan, in ba ka da takarda, wata rana maƙwabci zai ce ɗakin girkinka a rabonsa yake.

To, wa zai biya kuɗin takardar? Tambaya ce da za a gama kafin a sha kofin koko. Sai dai Ƙasimu ba ya iya haɗa ido da Kawu, in ya hango shi ma canja hanya yake. Kawu kuma ba zai zauna yana maganar kuɗi da mai neman 'yarsa ba. Saboda haka aka nemo Manzo, wanda yake ɗan uwa ga Kawu ta wajen uba, kuma mijin ƙanwar Goggo Larai, goggon da ta riƙe Ƙasimu. Kowane gida nasa ne, ba ya ma sallama.

Daga nan iska ta canja. Wata ya kama, wani ya bi bayansa, takarda shiru.

A gidan su Ƙasimu, Goggo Larai ta daina cewa "surukinmu", ta koma "mai sashen nan". Ta ce ita fa ta ga duniya: mutumin da ya karɓi kuɗin gida ya ƙi a yi takarda, nufinsa daban ne. A ɗaura aure, a yi ɗan saɓani, ya ƙwace 'ya ya ƙwace gida. Ta umarci Ƙasimu ya karɓo kuɗinsa, ya nemi mata a Gagarawa cikin danginta. Ƙasimu ya sunkuyar da kai ya ce a ƙara haƙuri, shi dai ba zai zagi wanda ya ba shi mata ba.

A gidan Kawu ma ba ta canja zane ba. Matan gida suka fara cewa direba dama ba a raba shi da wayo. Wanda ya tsaya jan-in-ja a kan kuɗin kan sarki da ladan akawu, me zai yi ranar da Rahmatu ta nemi kuɗin cefane? Kawu kuwa ya hana a ci gaba da shafen ɗakin amarya, kuma kowa ya fahimci abin da hakan ke nufi.

Rahmatu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Abin da ya fi cin ranta, ita ma ta fara zargi. Ran da Ƙasimu ya zo zance bayan la'asar, ta bar shi tsaye a zaure ya daɗe, sannan ta fito ba ko turare.

"Na zaci sai an biya ka kuɗin takarda kafin ka tako," in ji ta.

"Ni za a biya? Rahmatu, kada ki sa ni faɗin abin da na yi niyyar haɗiyewa."

"Faɗa mana, direba. Ai kun iya lodin magana."

"Kuɗin takarda na ba Manzo tun makon da aka sallama. Ya dawo ya ce Kawu ya karɓa, amma ya ce ba zai je ofis ya sa hannu ba sai ya yi shawara. Ni kuwa da wane baki zan tambaye shi?"

Rahmatu ta ƙura masa ido, tana neman alamar ƙarya a fuskarsa.  Ta shige gida.

Washegari da ta kai wa Kawu fura, ba ta tashi ba. Ta zauna gefen tabarma kamar lokacin tana ƙarama, ta tambaye shi shawarar da yake yi har yanzu. Kawu ya ajiye ludayi ya ce wace shawara? Shi fa tun farko ya ba Manzo kuɗin takardar daga aljihunsa, a matsayin gudummawarsa ga yaran. Manzo ne ya dawo ya ce yaron ya karɓa, ya sa a gyaran mota, yana cewa a ƙaro.

Rahmatu ta kwashe abin da Ƙasimu ya faɗa mata ta gaya masa. Kawu ya ce, "Ko ɗayansu ya yi mini ƙarya, ko ke aka aiko ki yi mini." Ya sa hula ya fita.

Ranar kasuwar Maigatari ce. Dattijon ya hau mota ya je har inda ake lodin kanwa. Ƙasimu na ganinsa ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa, gaban 'yan dako.

"Ɗago kanka," in ji Kawu. "Yau babu suruki a nan. Mai saye ne da mai sayarwa. Dube ni ka faɗa mini, ka karɓi kuɗina?"

Ƙasimu ya ɗago, karo na farko tun da ya fara neman auren. "Wallahi Baba, ko kwabo. Kai ka karɓi nawa?"

Kawu ya miƙa masa hannu ya tashe shi. A gaban lorin, kusa da direba, ya dawo Gumel.

Suka je wajen mai unguwa tare. Ya ce ai da sun zo tun farko, da ya gaya musu yadda aka saba a unguwarsa: mai saye ya biya takarda don shi za ta kare, mai sayarwa ya ba da goron shaidu, kuma su biyun su je ofis da ƙafarsu, ba a aike. Haka suka yi. Ƙasimu ya sake biya, bai yi ƙorafi ba. Goggo Larai da ta ji, ta kama baki, ta daka fura da kanta ta aika gidan Kawu. Bayan sallar layya Rahmatu ta tare a sashenta.

Manzo fa? Kawu ya ce ɗan uwa ne, a rufa asiri. Goggo ta ce in aka tona, auren ƙanwarta ne zai mutu. Ranar ɗaurin aure shi ya raba goro, da babbar riga sabuwa, kuma kowa ya san kuɗin da ya ɗinka ta.

Ƙasimu ya ci ribar haƙurinsa, ba shakka. Amma ku 'yan baya, ku ji ni da kyau: kunya tana da wurinta, ciniki yana da nasa. In za ka sayi gida, ko daga hannun surukinka ne, ka zauna ka tambaye shi ido da ido wa zai biya me, gaban shaidu, tun kafin a sallama. Duk maganar da kuka ji nauyin faɗa wa juna, akwai mai jiran ya ɗauke ta ya ci abinci da ita. Kuma ba baƙo ba ne, naku ne, kuna kwano ɗaya. In akwai wanda danginsu ba su da irinsa, ba su kuma taɓa rufa masa asiri ba, ya tashi ya ce ƙarya nake.