Ni Na Gwada Motar, Shi Ya Sha Tafi

"Maimaita abin da ka ce, na ji da kyau," na ce wa Dogo.

Ina tsaye a ƙofar gareji, hannuna duk baƙin mai. Dogo kuwa, mai tallan motocin kamfaninmu, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure, yana gaban baƙi cikin kwat. Yanzun nan ya gama gaya musu wai shi ya gwada sabuwar ƙaramar motar tseren da aka kawo, har suka yi masa tafi.

Alhali ni ce!

Sati biyu ina tuƙa sabuwar da tsohuwar, ina kwatanta su. Ni na gano sabuwar ba ta shaƙewa a hawa, don an ƙara mata ƙarfin inji ba tare da ta yi nauyi ba. Ni na lura birkinta ba ya saki idan ya yi zafi, a kwana kuma tana manne da titi, bayanta ba ya zamewa. Ga shi kuɗinta bai fi ƙarfin ma'aikaci ba. Duk na rubuta na ba shi ya duba min.

"Masoyiya, ki bari mu yi magana daga baya..." ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Sai na hango sakatariyar manaja tana murmushi. Ta daɗe tana yi wa Dogo fari da ido. Daga baya na ji ita ta zuga shi, wai masu saye ba za su yarda da maganar mace makanike ba.

Na ajiye sifanar da ke hannuna na tafi gida.

Yayana ya samu abin faɗa. Ya ce dama tun farko bai yarda da auren nan ba, mai kwat ba zai taɓa alfahari da mai baƙin hannu ba.

Kwana uku Dogo na kira ina kashewa.

Ranar da na koma aiki, na tarar an sake tara baƙi. Yana ganina ya tsayar da jawabinsa, ya ɗaga takardata sama.

"Ƙarya na yi muku. Ko zagaye ɗaya ban yi da motar nan ba. Ga wadda ta san ta."

Sakatariya ta sulale ta shige ofis.

Ya miƙo min makullin motar, idonsa ya yi ja. "Ki yafe min, rabin raina."

"Shiga," na ce, ban ko dube shi ba.

A kwanar farko ya damƙe ƙofa. A ta uku ya fara salati yana rantsuwa ba zai ƙara ba. Sai da na zagaya da shi sau bakwai kafin na huce.

Ranar ɗaurin aurenmu, yayana ya ja shi gefe ya tambaye shi wa zai riƙa tuƙi a gidan.

Dogo ya nuna ni, ko kunya babu.