Wa Ya Taɓa Kabad ɗin Inna?

Ƙarar sanfefa, takardar goge katako, ce ta hana ta jin sallama. Tana durƙushe a tsakiyar falo kan tsofaffin jaridu, ƙura ta yi mata fari har gira, sai ganin ƙafafun Yaya Babba ta yi a bakin ƙofa.

Kabad ɗin da take gogewa na marigayiya Inna ne, mahaifiyar mijinta. Na fomaika ne, ruwan goro, mai santsi da ƙyalli, kuma shi kaɗai 'ya'yan suka ƙi rabawa bayan rasuwarta. Yaya Babba, yayar mijin nata Auta, wadda ta rene shi tun yana rarrafe, ita ta ce a kai masa da ya yi aure, da sharaɗin ko ƙusa kada a buga masa. Yanzu ga murafunsa kwance a ƙasa, ƙyallin ya mutu, ga shuɗin fenti dabbare-dabbare a jikinsa.

"Wa ya ba ki izinin taɓa kayan uwata?"

'Yar Kafinta, kamar yadda dangin mijin ke kiranta saboda sana'ar mahaifinta, ta tsayar da gugar. Gaskiyar magana, ɓarnar ba tata ba ce. Shekaranjiya ta je gaida iyayenta, shi kuwa Auta, da yake ta taɓa cewa falon ya yi duhu, sai ya kalli rabin bidiyo a waya ya ɗauka ya zama gwani. Ya sayo fenti ya lafta a kan fomaika haka nan, ba gugar komai. Santsi kuwa ba ya riƙe fenti, da farce ya taɓa sai ya saluɓe. Ta dawo ta tarar da shi ya yi zuru, yana roƙon ta rufa masa asiri ta gyara kafin Yaya ta sani.

Daidai nan Auta ya fito daga ɗaki. Yayarsa ta juya ta tambaye shi ko da saninsa aka yi wannan aika-aika. 'Yar Kafinta ta ɗago ta dube shi, zuciyarta a kwance, don ta san mijinta. Ya dubi kabad, ya dubi ƙasa.

"Ni ma... haka na zo na tarar, Yaya."

Sanfefar ta faɗi daga hannunta. Yaya Babba ta yi faɗa har muryarta ta dushe, ta ce ashe rainin wayo aka kawo musu gida, wata shida da aure har an fara goge tarihin mutane. Ta ce ran Asabar ta sama za ta zo da mota da Kawu ta kwashe abin da ya saura na kabad ɗin, kuma a gaban Kawun za a yanke ko wannan zama zai ci gaba. Ko ruwa ba ta sha ba ta fita.

Auta ya matso yana sosa ƙeya. Ya ce sori mana, ta san Yaya da hawan jini, in ta ji shi ne faɗuwa za ta yi, amma da yake ita 'Yar Kafinta baƙuwa ce kwana biyu za a manta.

"Zagin Yaya bai taɓa ni ba," in ji ta, hawaye na yanka hanya cikin ƙurar fuskarta. "Kai na kalla, ka sunkuyar da kai. Zan gama aikin nan, kuma ba zan tona ka ba. Amma ka sani ina jiranka."

Ta koma ta ɗauki sanfefarta. Abin da ta gani a shagon babanta tun tana ƙarama shi ta bi daki-daki. Ta goge ko'ina har santsin ya mutu, ta bi da ɗanyen tsumma ta kwashe ƙura, sannan ta shafa fentin shimfiɗa, wanda ke kama fomaika, siriri kamar ba a shafa ba. Ta bar shi ya kwana. Washegari ta yi ta haɗa launi a murfin gwangwani sai da ta samo ruwan goron Inna, ta bi da ƙaramar rolar shafa fenti, ta jira, ta sake bi. Daga nan ta kafa doka, ko kofi kada a ɗora har kwana huɗu, don fenti yakan bushe a sama alhali cikinsa da saura.

Aikin bai gajiyar da ita kamar waya ba. An cire ta daga guruf ɗin dangi. Goggon mijin ta kira ta wanke ta tas. Mahaifiyarta ta ji muryarta wani iri ta tambaya, ta ce mura ce. Shi kuwa gogan, yau turare, gobe atamfa, kamar da tsaraba ake wanke ƙarya. Sau biyu ta gan shi ya nemo lambar Yaya ya tsura mata ido, sannan ya mayar da wayar aljihu. Tana dafa masa abinci, tana amsa gaisuwarsa, amma tsoro ya cika ta, don ta fara tunanin ko mutumin da take so ɗin babu shi.

Ran Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Yaya Babba ta shigo fuska a murtuke, Kawu na biye da ita da sandarsa. Sai ta yi turus. Kabad na tsaye a inda yake, murafu a ɗaure, launinsa sak yadda yake lokacin da Inna ke da ƙarfinta. Ta sa farce ta karta a gefe, ko gezau. Ta shafa shi da tafin hannu, idonta ya kawo ruwa.

Ta juya ga ƙaninta ta shiga sa masa albarka, ta ce dama ta san ba zai bar ɓarnar matarsa haka ba. Kawu ya ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare.

"Ke kuma albarkacinsa kika ci," in ji Yaya Babba. "Durƙusa ki ba mijinki haƙuri, a wuce wurin."

'Yar Kafinta ta dubi Auta. Komai ya zo masa da sauƙi, shiru kawai zai yi ya tashi da yabo. Ta tattare zanenta ta fara sunkuyawa, ta kuma ƙudurta a ranta cewa muddin gwiwarta ta taɓa ƙasa, gobe za ta haɗa kayanta.

Hannun Auta ya riƙe ta tun ba ta kai ba.

"Yaya, ni ne. Ni na shafa shuɗin fentin tana gidansu, ni na ɓata. Ita ta gyara, ko buroshi ban riƙe mata ba. Ƙarya na yi miki don ina tsoronki, na bar ta da zagi kwana bakwai."

Shi ya durƙusa, a gaban yayarsa da kawunsa, yana kuka kamar yaro. Yaya Babba ta dube shi. Ta tambaye shi, da murya ƙasa-ƙasa, ko ita ta koya masa fakewa a bayan mace. Sai ta kamo hannayen 'Yar Kafinta ta juya su, ta ga yatsun duk sun tsage, ga fenti maƙale a ƙarƙashin farce.

"Me ya hana ki faɗa, ƙanwata?"

"Da na faɗa, Yaya, da na wanke kaina na rasa miji. So nake ya fito daga bakinsa."

Yaya Babba ta rungume ta tana neman gafara, ta ce a sallami mai mota, kabad ya sami mai riƙonsa. Kawu ya ɗan zunguri Auta da sanda ya ce ya ci gaba da durƙuso, bai ga an ce ya tashi ba. Sai da 'Yar Kafinta ta share hawayenta tukuna, sannan ta miƙa masa hannu.

Masu sabon aure, ku riƙe wannan. Kowa na iya ɓata abu a gidansa, wannan ba ya kashe aure. Abin da ke kashe shi, mutum ya bar wanda ke sonsa ya ɗauki laifinsa don tsoron dangi. Ita ta yi haƙuri ba don ba ta da baki ba, kuma haƙurin ya dawo mata da mijin da za ta iya dogara da shi.