Kuɓewar Iri a Saman Bene

"Kwana goma sha tara, Mardiya! Kwana goma sha tara suka rage iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta ƙare, ke kuma kina ce mini in ƙara haƙuri?"

Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da ɗaura jan ƙyalle a wuyan kuɓewa kamar ba da ni Abdulbasit yake ba.

"Rage muryarka, Ustaz. Abba yana ciki."

"To ya ji mana! Shekara biyu ina hawa benen nan da buhun ƙasa a kafaɗa, har mai gadin gidanku ya ɗauka ni ɗan dako ne. Abu ɗaya na roƙa, ki bar ni in turo manya. Kin hana."

"Idan ka turo, cewa zai yi ya ba ka."

"Alhamdu lillahi! To ina matsalar?"

"Ai matsalar ke nan!" Sai a lokacin na dube shi. "Zai ba ka, ka tafi da ni Katsina. Shi kuma fa? Wa zai zuba masa ruwan alwala? Wa zai sa masa riga?"

"Mu tafi da shi. Sau nawa zan faɗa miki? Gidanmu a ƙasa yake, babu matakala ko ɗaya."

"Ba zai bar kabarin Umma ba."

"Kin tambaye shi?"

Wace 'ya ce za ta durƙusa gaban ubanta ta ce masa aure take so, ya tashi ya bi ta? Ni dai ba a haife ni da wannan bakin ba.

Ya tsugunna kusa da ni, muryarsa ta yi sanyi.

"Ruhina... wallahi ba na son in hau jirgin nan ni kaɗai. Amma aikin koyarwar da na samu a Katsina ba zai jira ni ba, takarduna ma ba za su jira ni ba. Ki ce mini wani abu."

"Ma'alish," wato yi haƙuri, shi ne kawai abin da ya fito daga bakina.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. Ina jin takunsa yana sauka, hawa bayan hawa, har ya ɓace cikin hayaniyar titi. Ina son bawan Allahn nan so mai tsanani, kuma da bakina na kore shi.

A hawa na biyar muke zaune a unguwar Ainu Shams ta Masar, ɗaki biyu da ƙofa mai fita saman rufi. Matakala tamanin da huɗu ce tsakaninmu da ƙasa. Mahaifina, Malam Lawal, ya yi shekara ashirin da bakwai yana dafa abinci a gidajen manya a unguwar Ma'adi, kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun ranar da aka hau da shi daga asibiti bai sake taka titi ba. Iyakar duniyarsa daga gado zuwa rufin nan, yana jan ƙafa yana dogara sanda. Ni ma in ka cire kasuwa da kantin magani, iyakar tawa ke nan.

Lambun kuwa na Umma ne. Da za ta taho daga Dambatta, irin kuɓewa da na yakuwa ta ƙulle a gefen zani, ta ce ba za ta je ƙasar mutane ta mutu da kwaɗayin miya ba. Ta shuka a tsofaffin bokitan fenti da akwatunan katako, daga baya ta ƙara alayyahu, attaruhu, na'ana'a, da lemun tsami a rabin duro. Kowace shekara takan zaɓi 'ya'yan kuɓewa mafi kyau ta ɗaura musu jan ƙyalle. Wanda ya sami ƙyalle ya zama iri, ko yunwa za ta kashe ka ba ka taɓa shi, sai ya bushe a jikin uwarsa a ɓare a zuba a gwangwani. Shekara shida da rasuwarta, ni nake ɗaurawa.

Duk sanda wani baƙo ya yi wa Abba maganar komawa gida, amsarsa ɗaya ce. "Ga uwar yarinyar nan kwance a nan." Daga haka zai juya kai, zance ya mutu.

Washegari da safe na fito da bokitin ban ruwa, sai na tarar har ya riga ni fita. Yana zaune a kujerarsa ta roba, tattabarun maƙwabta suna ta shawagi a kansa.

"Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kira mini Awadiyya."

Awadiyya maƙwabciyarmu ce 'yar Sudan da ke hawa na uku. Ta hau tana haki tana gyara mayafi.

"Lafiya, Baba Lawal?"

"Lemun nan da kike ta yabo, na ba ki. Na'ana'ar ma ki haɗa."

Ta dube ni, na dube ta.

"Baba, ai wasa nake yi! Wannan lemun na marigayiya ne..."

"Khalas, magana ta ƙare, na ba ki. Ki sa a zo a sauke."

Cikin kwana huɗu rabin rufin ya zama fili. Attaruhu ya tafi gidan mai gadi, yakuwa ta tafi wurin wasu ɗalibai 'yan Zindar. Ba abin da ya rage a wuraren sai zagayen laima inda bokitai suka zauna. Na tambaye shi dalili, ya ce ya gaji da shuka. Abba da ke gaida attaruhu da safe kamar surukinsa, wai shi ne ya gaji da shuka!

Tsoro ya kama ni. Na taɓa jin tsofaffi suna cewa in mutum ya fara rabar da abin da yake so, to ya ji wani abu a jikinsa. Na daina cin abinci sosai. Abdulbasit ya kira sau bakwai ban ɗauka ba, don na san muryarsa kaɗai za ta sa ni kuka.

Rana ta biyar bayan la'asar ya nuna layin kuɓewa da sandarsa.

"Kwance ƙyallayen nan. Ki tsinke duka, ki yi mana miya tun ba su ƙosa ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Abba, na iri ne."

"Na sani. Idona bai shanye ba."

"In muka ci, me za mu shuka baɗi? Irin Umma ne fa! Babu wani a gwangwani, na bara duk na shuka..."

"Na ce ki tsinke."

Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa musu ba. Amma ranar sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ba zan tsinka ba."

Ya dube ni sosai. Bai yi faɗa ba. Ya dafa sanda, ya yunƙura, ya fara jan ƙafarsa zuwa wurin bokitan. Da hannunsa mai lafiya ya kama ƙyalle na farko yana ƙoƙarin kwancewa, ƙullin ya ƙi. Ya sunkuya zai sa haƙori, sandar ta zame.

"Abba!"

Na tare shi kafin ya kai ƙasa, muka zube tare a kan siminti mai zafi. Kuka ya ƙwace mini.

"Don Allah me na yi maka? In mutuwa kake shiri, ka faɗa mini! Ka rabar da lemu, ka rabar da yakuwa, yanzu iri za mu ci... wa za ka bar ni da shi?"

"Mutuwa?" Ya yi wata 'yar dariya ta gefen baki. "Ke dai akwai gaggawa, kamar uwarki. Jingina ni da bangon nan."

Na jingina shi. Can ƙasa mai sayar da gas yana ta buga ƙarfe a jikin tukunya. Abba ya kafa ido a kan kuɓewar, bai dube ni ba.

"Tagar ɗakina a buɗe take ranar da yaron nan ya zo."

Na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kin ce masa ba zan bar kabarin uwarki ba. Ba laifinki ba ne, ni na koya miki wannan karatun. Amma ƙarya nake yi, Mamana."

"Abba..."

"Bari in gama, don ba lallai in iya maimaitawa ba. Kabari ba ya riƙe mai rai. Addu'a kuma daga ko'ina aka yi ta tana isa. Kunya ce ta riƙe ni." Muryarsa ta fara rawa. "Na bar Dambatta da ƙafafuna biyu, na buga ƙirji gaban ƙannena na ce in na dawo sai garin ya san na dawo. Shekara ashirin da bakwai ina soya wa mutane albasa. Yanzu in koma a goye, hannu na lilo? Na ga gara a riƙa cewa ai Lawal yana Masar, da a ce ga shi can a zaure ana ba shi kunu a baki. Sai na fake da uwarki, Allah ya jiƙanta, don na san ba wanda zai yi musu da mamaci."

Hawaye ya gangaro masa ta ɓangaren da ba ya motsi, bai ma san ya zubo ba. Na sa bakin mayafina na share.

"Ban san ke nake ɗaurewa ba sai da na ji kin ce wa yaron nan ma'alish. Yadda kika faɗe ta... har yau ban yi barcin kirki ba."

"To irin fa? Me ya yi maka?"

"Na san halina. Muddin akwai iri a gwangwani, in lokacin shuka ya zo zan ce bari mu ga wannan tukuna. In ta yi 'ya'ya in ce bari ta bushe. Haka na cinye miki shekara shida. Manomin da ya ci irinsa ba shi da sauran uzuri."

"Sai mu tafi da shi gida," na ce cikin shassheƙa.

"Mu kai kuɓewa Dambatta? So kike a ƙara mini abin dariya? A can ko a bakin rariya fitowa take yi!"

Na yi dariya ina kuka, shi ma haka. Da hannuna na kwance ƙyallayen, guda goma sha ɗaya. Na yi miyar da yammacin nan, muka ci da tuwon shinkafa. Ta ɗan yi tauri, amma Abba ya suɗe kwanonsa tas.

Da ya wanke hannu ya ce, "Kira shi. Ki ce ya zo da manyansa ranar Juma'a. Shi kuma ya zo gobe da safe, kuma ya karya sosai kafin ya taho."

Bugu ɗaya Abdulbasit ya ɗauka.

"Mardiya? Lafiya? Ya jikin Baba?"

"Ustaz..." Na kasa ci gaba.

"Ki yi magana, don Allah, zuciyata za ta fashe!"

"Ka turo."

Sai na ji yana ta maimaita hamdala, muryarsa na karyewa.

Da hantsi ya iso cikin farar jallabiya, ya durƙusa nesa da Abba yana ta sunkuyar da kai irin na mai neman aure. Abba ya riga ya sa babbar rigarsa da ta yi shekaru a akwati, ta yi masa yawa.

"Matso nan, Malam. Yau babu kunyar suruki. Juyo mini bayanka."

"Baba, ni... in goya ka?"

"Ka iya buhun ƙasa, ni ne zan gagare ka? Yalla, mu tafi."

Ya goya shi. Ni ina biye da sanda da takalma. A kowane hawa ƙofofi suna buɗewa, Awadiyya ta rufe baki da mayafi tana kuka. Abba ya ɓoye fuskarsa a kafaɗar Abdulbasit, ina ganin yadda hannunsa mai lafiya ya damƙe wuyan jallabiyar. Na san abin da saukar nan take ci masa, kuma na san wannan somin-taɓi ne, babbar kunyar tana jiransa a ƙofar gidansu a Dambatta.

Da muka fito bakin titi rana ta haske masa ido, ya runtse. Abdulbasit ya tsayar da tasi yana haki.

"Ofishin jirgi za mu fara zuwa, Baba, ko wurin likita?"

Abba ya buɗe ido.

"Maƙabarta," ya ce a hankali. "Shekara shida ina yi mata ƙarya. Ka kai ni in roƙi gafararta, sannan in yi mata sallama."