Malamin da Kwamfutarsa Ta Ƙi Tashi

An ce a wani gari an yi wani malamin makaranta da ya sayo kayan kwamfuta wurin wani tsoho a kasuwa, ya haɗa ta da hannunsa saboda ɗalibansa. Da ya gama, ya danna maɓalli. Fanka ta juya, allo ya ƙi kawo haske.

Ya sauya waya, ya danna. Fanka ta juya, allo ya ƙi kawo haske. Ya aro wani allon ya gwada, haka dai. Kwana bakwai yana fama, har bayansa ya ƙage. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Tsohon nan ne ya cuce ni, matattun kaya ya ba ni." Mutane suka daina tsayawa a rumfar tsohon.

Yayarsa tana tsintar wake a tsakar gida, ta ce, "Malam, ka bi su ɗaya bayan ɗaya mana, yadda nake bin waken nan."

A gajiye ya sake buɗe akwatin. Yana bi yana taɓawa, sai ya ji siririn katin memori, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, yana motsi a raminsa. Ashe tsoron kada ya karye ne ya hana shi danna shi sosai tun ranar farko. Ya danna, ya ji ƙas. Fanka ta juya, allo ya kawo haske.

Ya daɗe yana kallon hasken. Sannan ya kashe, ya sa takalmi.

"Ina kuma za ka?" in ji yayarsa.

"Wurin tsohon nan, Yaya. A gaban mutane na ɓata shi, a gabansu zan ba shi haƙuri."